Sikanin bayan yanka agara: in biya ko in bari?

Wata uwa daga Tudun Wada ta turo: "Anti, ɗana an haife shi da lanƙwasasshiyar ƙafa, an yi ta sa mai siminti duk sati, yanzu sun ɗan yanka jijiyar agara sun mayar da siminti wai sai bayan sati 3. Surukata ta ce in kai shi sikanin kuɗi a ga ko ta haɗe, ni kuma ga takalmin ƙarfe da aka ce in tanada, kuɗin ba zai kai duka biyu ba. Wanne zan yi?"

Sannu ƴar uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Takalmin za ki saya, ko tantama babu.

Wannan aikin da ake mai tsarin Ponseti ne, sunan wani likita ɗan Sifen da ya yi aiki a Amurka, kuma ɗan yankan nan yawancin yaran da ke kan tsarin sai an yi musu, ba wai naki ne ya yi tsanani ba. Jijiyar jariri ba irin tamu ba ce, da kanta take tohowa ta haɗe a cikin simintin, shi ya sa suka ce sati 3. Likitoci ma da sikanin ɗin suka bi diddigin abin, suka ga cikin makonni kaɗan giɓin ya cike, sannan a hankali cikin ƴan watanni ta koma kamar yadda take.

To sikanin ba shi da illa gaskiya, sauti ne, ba kamar hoton ƙashi ba wanda shi ko jijiyar ma ba ya nunawa sosai. Amma fa yanzu ƙafar na cikin siminti ta ina za a ɗora na'urar, kuma don Allah kar wani ya ce ki cire a gida, ko ki kai wa mai ɗori. Sannan mai sikanin ciki na unguwa ba lalle ya saba duba agarar jariri ba, ƙarshenta ya rubuto miki abin da zai hana ki barci a banza. In likitan ƙashin da ya yi aikin ya ga buƙata shi zai rubuta, a asibitin Shika na Zariya ne ko na Dala a Kano.

Inda ƙafa ke komawa gidan jiya wajen takalmi ne, in ba a sa shi yadda ya kamata ba. Zai riƙa sa shi awa 23 kullum na wata 3, daga nan sai lokacin barci har ya kai shekara 4 zuwa 5, kuma ƙafa na girma dole a riƙa canza lamba, so ki ajiye ɗan canji gefe. Zai yi kuka kwanakin farko, Hajiya surukarki za ta ce a tausaya a cire, ki lallaɓa ta ko ki tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita.

Kafin nan ki riƙa duba yatsunsa, in sun kumbura ko sun yi sanyi ko sun canza kala, ko sun shige cikin simintin, ko jini na ta ƙaruwa a jikin simintin, ranar za ki koma asibiti kar ki jira ranar kilinik.