Filin Tambaya da Amsa: Wai Mu Kaɗai Ake Sa Wa Almakashi a Waƙa da Fim?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu, dan Allah ka raba mana gardama. Jiya a majalisarmu mun yi musu har an kusa ɓatawa, wani abokina ya dage wai duk duniya babu inda ake da hukumar tace fina-finai da waƙoƙi sai Kano da ƙasashen Larabawa, wai su Turawa kowa abin da ya ga dama shi yake yi ba mai ce masa uffan. Ni dai na ce ba haka bane amma wallahi ban da hujjar da zan kare kaina. Daga Sani, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Sani. Ka koma majalisa ka ce wa abokin naka shayin yau a aljihunsa yake, don ka ci shi.

Bari mu fara da Ingila tunda ita ta mulke mu. Daga 1737 har zuwa 1968, shekara 231 kenan, babu wasan kwaikwayon da za a hau dandamali da shi a gidajen wasa sai an kai rubutun wajen wani babban jami'in fadar sarki da ake kira Lord Chamberlain, ya karanta ya ja layi a kan duk abin da bai kwanta masa ba sannan ya ba da lasin. Kuma ka san me ya jawo dokar tun farko? Ba tarbiyyar yara bace, firayim ministan lokacin ne Robert Walpole masu wasa suka mayar abin dariya suna ta yi masa habaici a bainar jama'a, shi kuma ya ga abin ya ishe shi ya kai doka majalisa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amurka ma da ake ta ambato, daga 1934 zuwa 1968 masu fim na Hollywood a ƙarƙashin wata ƙa'ida suke aiki mai suna Hays Code, ba a nuna tsiraici, ba a yi wa malaman coci ba'a, mugu ba ya cin riba a ƙarshen fim dole sai ya ga sakayya, kai in ka karanta ƙa'idojin sai ka rantse wani kwamitin dattawan unguwarmu ne ya zauna ya rubuta su. Cocin Katolika tana da kundin littattafan da ta haramta wa mabiyanta tun 1559, ba a soke shi ba sai 1966. Jamus kuwa ranar 10 ga Mayu 1933 ɗaliban jami'a ne da kansu suka yi ta jido littattafai suna cinna musu wuta a dandali lokacin Hitler. Kuma kar ka ce ai wannan da ne, ƙungiyar marubuta ta PEN America ta ƙirga sama da sau 10,000 da aka cire ko aka hana littafi a makarantun gwamnati na Amurka a zangon karatu na 2023 zuwa 2024 kaɗai.

Tamu hukumar tace fina-finan ta Kano ma ƙanwa ce a cikinsu, a 2001 aka kafa ta bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, ta tarayya kuma ta riga ta tun 1993.

Amma ni ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da nake so ku tattauna a majalisar taku shine, in aka ce an hana waƙa ko an tsare marubuci, wa ake karewa? Don shekarun da na yi ina bibiyar wannan harka na lura kusan kullum da sunan tarbiyya ko zaman lafiya ake shigowa, amma in ka ɗaga tabarmar sai ka tarar kujerar wani ce a ƙasa.

Ka ɗauki Ngugi wa Thiong'o na Kenya, wanda ya rasu a 2025. Mutumin nan ya yi shekaru yana rubuta littattafai da Turanci yana caccakar masu mulki, ana karantawa a jami'a ana yin jarrabawa a kai, yana koyarwarsa a Nairobi yana kwana a gidansa. Sai a 1977 ya koma ƙauyen Kamiriithu shi da abokin aikinsa suka rubuta wasan kwaikwayo da yarensu na Gikuyu, kuma ba ƙwararrun 'yan wasa suka ɗauko ba, manoma ne da leburorin masana'anta da matan ƙauyen suka gina filin wasan da hannunsu suka hau suka yi, labarin yadda masu kuɗi ke ƙwace wa talaka ɗan filinsa. Mutane suka yi ta tururuwa daga garuruwa suna zuwa kallo. Ko wata biyu ba a yi ba gwamnati ta janye lasin, a ƙarshen Disamba aka zo aka ɗauke shi aka kai gidan yarin Kamiti ba tuhuma ba kotu, ya yi kusan shekara guda a ciki, a can ne ma ya rubuta wani littafin a jikin takardar bayan gida. A 1982 kuma 'yan sanda suka je suka rushe filin wasan gaba ɗaya. Toh ka gani Sani, maganar da yake yi da Turanci ita ce dai ya yi da Gikuyu, abin da ya canza kawai shine yanzu tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ji kuma ta gane. Mu da muke waƙa da rubutu da Hausa ya kamata wannan labarin ya tsaya mana a rai.

Nan gida ma haka. Hubert Ogunde a 1964 ya yi wani wasa da Yarabanci da ya taɓa gwamnatin firimiyan Jihar Yamma Akintola, aka hana shi wasa a duk Jihar Yamma sai bayan juyin mulkin 1966. Mawaƙi Fela Kuti kuwa bayan ya yi waƙar da ya kwatanta sojoji da gawar da ake juyawa, a Fabrairun 1977 sojoji kusan dubu suka dira gidansa Kalakuta a Legas suka ƙona shi, suka wurgo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ciwon da bai bar ta ba har ta rasu a 1978. Wannan kam ba wanda zai ce maka tarbiyya aka je gyarawa.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni marubuciya ce a onlayin, ina sakin littafina shafi-shafi a guruf ɗin WhatsApp. Yayata kullum sai ta ce in yi hankali wata rana za a hana, ni kuma na ce mata ai in aka hana abu ma ƙara masa farin jini ake yi. Ko ba haka bane? Daga 'yarka Maryam, Zinder.

Amsa: 'Yata Maryam, ke da yayarki kowa da gaskiyarta, amma bari in fara da taki don ta fi daɗin faɗa.

Ni kaina shaida ne. Muna makarantar kwana akwai wani malaminmu da ya sa littattafan soyayya a gaba, in ya yi sintiri da daddare ya kama ki da ɗaya (ko in ce ya kama ka, don makarantar maza ce) sai bulala shida da yankan ciyawa, littafin kuma ya yaga a gaban asembili. Me muka yi? Sai muka riƙa ɓalle bangon muna sa masa bangon littafin lissafi, wani lokacin ma a raba littafi ɗaya gida uku, ɗakin kwana kaza na da farko, wancan na da tsakiya, in kun gama ku yi musaya a bakin famfo, har akwai yaron da ya karanta ƙarshen wani labari kafin farkonsa ya zo yana tambayarmu wai dama yarinyar tana da kishiya? Yaran da ko littafin darasi ba sa buɗewa sai ga su suna bin layi.

A Tarayyar Sobiyet abin ya fi haka ban mamaki. Da aka hana kiɗan Turawan Yamma bayan yaƙin duniya na biyu, samari sai suka koma bolar asibitoci suna tsinto tsofaffin hotunan ƙashi na eksire, su yanke su zagaye kaman faifan garmaho, su huda tsakiya da wutar sigari, su naɗi waƙa a kai, sai ki ga mutum ya ɗaga faifai a haske ga haƙarƙarin wani bawan Allah ga waƙa a jiki. Littattafai kuma da keken rubutu ake kwafa a ɓoye ana miƙawa hannu da hannu. 'Yan Nazi a 1937 sun tara zane-zanen da suka ce na lalatattu ne suka baje kolinsu a birnin Munich don jama'a su zo su yi tir, sai mutum sama da miliyan biyu suka je kallo, ninkin ba ninkin waɗanda suka leƙa baje kolin zanen da gwamnatin ke yabo. A Kano ma a 2009 da kotu ta haramta wasu waƙoƙi 11 na Hausa, lokacin ana yayin bulutut, duk wanda ya zauna a garin ya san a rumfunan cajin waya waƙoƙin nan suka fi kowanne tafiya.

Toh amma ga inda yayarki ta fi ki hangen nesa. Waƙar ce ke tsira, mai waƙar fa? Victor Jara na ƙasar Chile har yau ana rera waƙoƙinsa, amma shi sojojin Pinochet sun farfasa masa hannu suka harbe shi a filin wasa kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin Satumban 1973. Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu a 1960 ta zo komawa gida jana'izar mahaifiyarta ta tarar an soke mata fasfo, ba ta sake taka ƙasar ba sai 1990, shekara talatin. Lapiro de Mbanga a Kamaru ya yi waƙa kan gyaran tsarin mulkin da ya ba Paul Biya damar zarcewa, a 2008 aka ɗaure shi shekara uku da sunan wai ya tunzura tarzoma. Najib Mahfuz na Masar, mai lambar Nobel, yana da shekara 82 wani saurayi ya daɓa masa wuƙa a wuya a 1994 saboda littafin da ya rubuta tun 1959, kuma hannunsa na rubutu bai ƙara komawa daidai ba. Shi wannan ma ba gwamnati bace, mutumin gari ne aka zuga.

Kuma akwai asarar da ba mai iya ƙirga ta, wato littafin da marubuci ya fara a zuciyarsa ya tuna abin da ya sami wane sai ya fasa. In an ɗaure mutum ɗaya ai ɗari ne suke gyara alƙalaminsu ba tare da an aiko musu da takarda ba. Don haka ki ci gaba da rubutunki 'yata, amma ki rubuta abin da in an tsayar da ke a gaban mutane za ki iya cewa eh ni na rubuta kuma ga dalilina, ki kuma ajiye kwafin komai a wani wajen ba a waya ɗaya ba.

Tambaya: Malam, ina karanta filinka kuma na lura kaman kana goyon bayan a saki kowa ya yi abin da ya so. Ni uba ne mai 'ya'ya bakwai, abin da nake ji yana fitowa daga wayoyinsu ba ya faɗuwa. In ba hukuma wa zai tsawatar? Daga Alhaji Musa, Kumasi.

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara girma, ya shirya mana zuri'a. A'a wallahi ban ce a saki ba, nima ina da 'ya'ya kuma akwai waƙar da in na ji a gidana sai an kashe. Waƙa tana iya yin ɓarna ta gaske, a Ruwanda kafin kisan kiyashin 1994 da lokacinsa gidan rediyon RTLM ya yi ta sa waƙoƙin Simon Bikindi masu hura wutar gaba, daga baya kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure shi shekara 15 a 2008, duk da dai a kan kiran kisa da ya yi da lasifika a mota aka kama shi da laifi, ba waƙoƙin kansu ba. Ka ga ko a nan sai da alƙalai suka zauna aka kawo shaidu aka bambance wanne ne laifi wanne ne ba laifi ba.

Abin da nake nema kenan, ranka ya daɗe. Doka ta kasance a rubuce kowa ya san iyakarsa kafin ya kashe kuɗinsa, a sa wa fim shekarun masu kallo, wanda aka hana ya sami inda zai ɗaukaka ƙara, kuma awon da aka yi wa mawaƙin da ya soki gwamna a yi wa wanda ya yabe shi. In aka bar abin ba linzami ta ɗaya ɓangaren kuma, ai mun ga arewacin Mali a 2012 da masu bindiga suka kama Gao da Timbuktu suka hana kiɗa ɗungurungum, mawaƙa suka tsere Bamako da maƙwabta, bikin kiɗan hamada da ake yi kusa da Timbuktu ya tsaya.

Su kuma wayoyin yaran, gaskiya Alhaji babu hukumar da ke Accra ko Kano da za ta iya shiga ɗakinsu ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ni abin da nake yi a gidana, bayan sallar isha'i kowa ya kawo tasa a sa a caji a falo, har da tawa, don ranar da na ce ban da tawa ƙaramar 'yata ta tambaye ni dalili na rasa amsa.

Masu tambaya kan maganar haƙƙin mallakar waƙa ku yi haƙuri, wasiƙunku sun iso, fili ne ya ƙare sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.