Tambayarku Amsarmu: Wai Me Ya Sa Muke Ba Nijar Wuta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Don Allah ina da tambaya, mu nan unguwarmu sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba, ga zafi ga sauro, amma wai ance wutar Kainji har Yamai ake kai ta. Kyauta ake basu ne ko yaya abin yake? Daga wani mai karatu a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Ba kyauta bane, sayar musu ake, kamfaninsu NIGELEC ke saye, kuma ma ta garinku layin ya bi ya tafi Yamai, akwai wani kuma da ya tashi daga Katsina yake ba su Maraɗi da Damagaram. Benin da Togo suma suna saye.

To amma ka duba inda ruwan yake fitowa. Kogin Kwara daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya ratsa Nijar kafin ya shigo mana ta Kebbi ya zuba a dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 mai megawat 760, daga nan ya gangara Jebba. Kaga kenan maƙwabcinka ne a bakin famfo, in ya datse ruwan daga sama injinanmu zasu ji a jikinsu, shi yasa tun da can ake ganin gara a sayar musu da wuta da su tare kogin. Ni dai a ganina cinikin nan ba wauta bane.

Sai dai abubuwa sun fara canjawa. Da wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga wajenmu take zuwa, da aka yi juyin mulki a Yulin 2023 Najeriya ta yanke musu saboda takunkumin ECOWAS, sai a 2024 aka maida. Wanda aka taɓa kashe wa fitila ai ba zai sake sakin jiki ba, sun ƙara dogaro da tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, ga kuma dam ɗinsu na Kandaji a yankin Tilaberi mai megawat 130 da aka daɗe ana gini har yanzu bai kammala ba.

Batun duhun unguwarku kuwa, ko yau aka daina kai musu da wuya ka ga wani bambanci. Mafi yawan wutar Najeriya da iskar gas ake yinta, su Kainji da Jebba da Shiroro da sabon na Zungeru ƙaramin kaso suke bayarwa, kuma da bazara in ruwa ya ja baya sai ƙarfinsu ya ragu daidai lokacin da kowa ke neman fanka. Ragowar matsalar tana kan layukan da suka tsufa da taransifoma, fara tambayar lafiyar ta unguwarku tukuna.