Ɗa, Bawa da Ɗan Fashi: Amsa ga Mai Rubuta Labarin Almara

Wani matashi daga unguwar Mabera, nan cikin garin Sakkwato, ya aiko da tambaya mai rassa uku. Na bar ta da Sakkwatancinta kamar yadda ya rubuto:

"Malam, ina rubutun wani littahi na almara. Labarin wani yaro na, shina ƙarami 'yan hwashi sunka tare ayarin hwatake, sunka kashe madugu, sunka tahi da shi daji. Can yag girma hannun shugabansu, har yas samu takobin da aljannu sunka ƙera. Daga baya yaj jiya shi ɗan sarki na. Mi zan kira mutanen ga? Shi kuma, bawa na ko hursuna? Kuma wane karin magana yad dace da sunan littahin?"

Madalla da wannan himma, ɗana. Mu fara da mutanen dajin.

Sunan da ka riga ka ba su daidai ne. Ɓarawo da ɗan fashi ba sana'arsu ɗaya ba. Ɓarawo da sanɗa yake aiki, ya haura katanga da dare, in an yi gyaran murya ya ranta a na kare. Ɗan fashi kuwa hanya yake tarewa da makami, ido na ganin ido ya ƙwace. Malaman fiƙihu ma sun raba su, sata da babinta, hiraba da nata, hukuncinsu kuma daban. Tushen kalmar shi ne fasa, irin na fashin dutse da fasa gari: a auka wa ayari a tarwatsa shi. Akwai wani fashin da ake jan wasalinsa na farko, na fashin makaranta da fashin salla, wanda ke nufin rashin yin abu a lokacinsa. Rubutun boko ba ya bambanta su, kunne ne ke bambantawa.

Kada ka ce 'yan bindiga, kada ka ce 'yan ta'adda, kada ka ce 'yan kwanta-kwanta. Duka sunaye ne na zamaninmu. Mai karatu daga Isa ko Sabon Birni ko Rabah da zarar ya ga 'yan bindiga, babur da wayar hannu za su faɗo masa a rai, tare da ciwon da bai warke ba, ya manta da doki da mashi da takobin aljannunka.

Sai dai ka tsaya ka tambayi kanka abin da ya kai su daji. In kwaɗayin dukiya ne kawai, 'yan fashi ne. In shugabansu ɗan sarki ne da aka kora yana neman gadon gidansu, to fada za ta kira su 'yan tawaye, talakan ƙauyen da suke auka wa zai ce mahara, su kuma ba za su amsa ko ɗaya ba. Tarihinmu ya ga irin wannan. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a hannun masu jihadi a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun ci gaba da kai hari, daga baya suka kafa Tsibiri, Katsinawa suka zauna Maraɗi, Kabawa suka tsaya a Argungu. Sunan da za a ba su ya danganta da bakin da ke ba da labari, kuma marubuci mai wayo yakan bar kowane ɗan wasa ya kira su da nasa. Mazauninsu kuma ka ce tunga, kalma ce da kunnen mutanen Sakkwato da Kabi ya saba da ita, ga ta a cikin "ja tunga". Sansani na rundunar yaƙi ne. In kana neman dajin da za ka ɗauki siffarsa, ga Gundumi, tsakanin Sakkwato da ƙasar Zamfara, wanda a da ayari kan ratsa ba zango, dare da rana, saboda ƙarancin ruwa da tsoron mahara. Baturen nan Barth ya ratsa shi a 1853.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nama.

Fursuna aro ce daga Turanci, da Turawa ta shigo, ba ta da wurin zama a bakin madugu. Haka "yin garkuwa da mutane". Garkuwa a asali ita ce ta fata wadda mayaƙi ke kare kibiya da ita, ma'anar kama mutum don neman kuɗi kuwa kafafen labarai ne suka yaɗa ta. Ranar da aka kama yaron, kamamme ne, kuma a idon waɗanda suka kama shi yana cikin ganima, tare da jakuna da turamen zane. Abin da za su sa masa a ƙafa mari ne, sarƙar sasari, itacen da ake kafa ƙafa a ciki kuma turu.

To, bawa ne? A nan Hausa ta yi maka rabin aikin littafinka ba ka sani ba. Kalmar da muke kiran wanda aka haifa da ita, ɗa, ita ce kuma kishiyar bawa. In tsoho ya tambaya "ɗa ne ko bawa?" ba maganar haihuwa yake yi ba, yana tambaya ne ko akwai mai iko da wuyan mutumin. Mace 'ya ce ko baiwa. Daga 'ya aka sami 'yanci da 'yantawa da 'yantacce, har 'yancin kan da Nijeriya ta samu a 1960. Mu nan da muke cewa ɗiya, tsofaffinmu ɗiyauci suke cewa. Ka ga ke nan a tunanin Bahaushe mai 'yanci shi ne wanda ke da gidan da zai nuna ya ce nan aka haife ni, wanda in an taɓa shi akwai dangin da za su tashi. Bawa shi ne wanda aka yanke daga wannan, shi ya sa abu na farko da ake yi wa kamamme shi ne a sauya masa suna. A fadar Kano an yi manyan bayin sarki masu suna Barka da Allah Bar Sarki, sunayen da ba su nuna uban kowa. Har yau in an ce "wane ɗa ne", yabo ne: ba ya cin amana, ba ya abin kunya.

Saboda haka zaman yaronka a tunga da neman ubansa ba labari biyu ba ne. Ranar da ya san ɗan wane ne, ranar ya tashi daga bawa ya koma ɗa, ko da marin na ƙafarsa. Ka gina littafin a kan wannan, ka rage yawan faɗa da dodanni. Takubban aljannu sun yi yawa a kasuwa.

A shari'a ma ba a bautar da ɗa Musulmi, kuma wannan magana ta taɓa girgiza ƙasar nan. Gab da hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, dakarun Sarkin Gobir Yunfa sun auka wa Gimbana, garin jama'ar Abdussalami, suka kama mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Yana daga abubuwan da suka hura wutar jihadi. Wanda aka kama yana ɗa, danginsa kan biya fansa su karɓo shi. Kada ka haɗa fansa da murgu: murgu kuɗi ne da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Wanda aka haifa cikin bauta kuma ba a ce masa bawa kai tsaye, bacucane ne, ko dimajo, kalmar da muka aro daga Fulatanci. Ƙauyen da bayi ke noma shi ne rinji ko runji, sunan da har yanzu muke ji a Runjin Sambo. Turawa sun yi shela cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, suka ci Sakkwato a 1903, amma sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Abin bai yi nisan da za a yi wasa da kalmomin nan ba, akwai gidajen da har gobe suke sosa rai.

Wani abu da marubuta ke yawan kuskurewa: in uwar jarumin ƙwarƙwarar sarki ce, wato sa-ɗaka, wannan bai rage masa komai a shari'a ba. Ɗa ne, yana gado, yana iya hawa karaga, kuma an yi sarakuna da yawa da haka aka haife su. Ita ma uwar ba a sayar da ita bayan ta haihu, in ubangidan ya rasu ta zama 'ya. Gorin 'yan uba dai ba ya ƙarewa, a nan kake da rigima in kana so. Ko labarin Bayajida a kanta ya tsaya, tsakanin Karɓagari ɗan Bagwariya da Bawo ɗan Daurama. Kuma kada sunan Bawa ya ruɗe ka. Bawa Jan Gwarzo sarkin Gobir ne ɗan sarki, ɗan Babari. Akan sa wa yaro irin wannan laƙabi, kamar Ajuji da Ayashe, a gidan da 'ya'ya ke mutuwa.

Ba ka faɗa mini yadda zai gane asalinsa ba. In zobe ko laya ka tanada, ka sake tunani, domin a wancan zamani, ƙasar nan shaidar asali a fuska take. Wanzami ke yi wa jariri askar gidansu tun yana cikin tsumma, kuma Bagobiri da Bakabe da Bazamfare kowa da tasa. Yaron da aka sace bayan an yi masa aska yana yawo da sunan danginsa a kumatu, shi kaɗai ne bai iya karantawa ba. Wata tsohuwa mai dakau a tungar za ta iya kallonsa ta yi shiru shekara da shekaru.

Karin magana kuwa, Bahaushe bai tsaya a baki ɗaya ba kan gado. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya, ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Duk wanda ya ga yadda ake shayar da ita a fadamun Wurno da Goronyo, ruwa mai sanyi safe da yamma, sannan ta fito tana sa hawaye, ya san abin da ake nufi: ɗan mutumin kirki ya tashi ya bauɗe. Ya kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi kan kawo farin kai, wato ƙurar kayan wani takan sauka a kan wanda ya jera da shi ko bai ɗauka ba. Al'adar marubutanmu ce a yanke karin magana rabi a bar mai karatu ya ƙarasa. "Barewa Ba Ta Gudu" ta tona ƙarshen labari tun daga bango. Ni da zan zaɓa, "Zama da Maɗaukin Kanwa" zan ɗauka, domin ita ce ke riƙe da tambayar da za ta hana mutum barci: yaron da ɗan fashi ya ciyar, ya koya masa hawan doki, ya kira shi ɗana, zai shiga fada da hannu mai tsarki? In kuma akwai sojan gona da ke da'awar shi ne ɗan sarkin, "Kama da Wane" na jiranka, cikonta kowa ya sani, ba ta wane.

Wata malamar Hausa a wata makarantar sakandare a Gwadabawa ta ce ɗalibanta sun yi gardama kan "tsintacciyar mage ba ta mage", wasu na cewa nufinsa yaron da aka tsinta ba zai taɓa zama ɗa ba.

Malama, mage ta biyu aiki ce, ba dabba ba. Ana nufin ba ta yin aikin mage, ba ta zama ta tsare rumbu kamar wadda ta tashi a gidan, ranar da ta ga dama sai ta kama gabanta. Ana faɗin sa ga duk abin da aka samu a sama aka ɗora wa buri, ko bara ne ko aboki ko ɗan riƙo da ya girma ya koma wa iyayensa. Ƙorafi ne na wanda ya ji an yi masa butulci, ba hukunci ba ne. Hukuncin daban yake: tsintacce ɗa ne a shari'a, ba ya zama bawan wanda ya tsince shi, sai dai ba a jingina shi ga wanda bai haife shi ba, saboda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da ubanninsu. Ki kuma raba wa ɗaliban kalmomi huɗu da suke cakuɗawa. Maraya an san ubansa, rasuwa ya yi. Agola uwarsa ce ta shigo da shi gidan sabon miji. Ɗan riƙo iyayensa ne suka ba da shi, galibi ga kaka ko gwaggo ko wadda ba ta samu haihuwa ba. Tsintacce kaɗai ne ba a san nasabarsa ba. In akwai ɗaya daga cikin huɗun nan a ajinki, ki yi darasin da lura, yara ba su da linzami a baki.

Wani kuma daga Tambuwal ya tambaya wanne ne daidai, ɗan halas ko ɗan halak. Duka biyun ana faɗa, kuma daga halal na Larabci suka fito, wato wanda aka haifa ta hanyar aure. Ma'anar ta faɗaɗa ta koma mutumin da ya san alheri, yake rama shi. "Ɗan halak ka ƙi ambato" kuwa ana faɗa wa wanda ya yi sallama daidai lokacin da ake maganarsa. A rubutu ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai daga farkon shafi har ƙarshe.