Sayen tauraron ɗan'adam ko horar da masu karanta hotonsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Kamaru ta fara da sayen tauraron ɗan'adam nata idan ta ware kuɗin harkar sararin samaniya. A'a, ta fara da mutane. Hotunan taurarin Landsat na Amurka da Sentinel na Turai kyauta ake sauke su. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne masu iya karanta su, sai lantarki da intanet masu ɗorewa. Gara a zuba kuɗin a Jami'ar Marwa a horar da ɗalibai.

Ni a Kusiri nake, a arewacin Kamaru. A ambaliyar 2024 kogin Logon ya shanye gonakin shinkafa wajen Yagwa, mu nan kwana muka yi muna cika buhunan yashi. Taurari na ɗaukar hoton ruwan tun yana tahowa, amma manomi bai sani ba sai da ya shigo masa ɗaki. Kuma da wuya tauraro ya gyaru a sama: Najeriya ta harba tauraron sadarwa NigComSat-1 a 2007, ya mutu a 2008, sai 2011 aka maye gurbinsa. In sadarwa ake nema, a yi hayar tauraron wasu tukuna.