Amsa ga mai tambayar hedfon ɗin da ba zai matse masa gilashin ido ba

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce gilashin likita kake sawa, kuma duk sanda ka ɗora hedfon don karatun da kake yi ta intanet, kafin awa ɗaya bayan kunnenka ya ɗau zafi har ciwon kai ya biyo baya, kana neman wane iri za ka saya. Na kuma ga wasu sun ce maka ka ƙara kuɗi kawai ka sayi mai tsada. Toh ni dai ban goyi bayan wannan shawarar ba, don ni ma mai gilashi ne tun ina sakandare, kuma sana'ata tace sauti ce, shirye-shiryen rediyo da karatuttukan malamai, wuni nake da abin nan a kaina. Na sa masu tsada da suka hana ni sakat, na kuma sa masu sauƙin kuɗi da har mantawa nake suna kaina.

Abin da ke faruwa shi ne ƙafar gilashin nan da ta bi ta gefen kanka ta sauka bayan kunne, a kan ƙashi take kwance, wurin babu tsoka sosai. Da ka ɗora hedfon sai soson ya danna ƙafar, ita kuma ta danna fata a kan ƙashin. Da farko ba za ka ji komai ba, kamar tsakuwa ce a cikin takalmi, sai tafiya ta yi nisa za ka san da ita. Shi ya sa wanda ba ya sa gilashi zai yabi hedfon har ya rantse maka, kai ka saya ka kasa minti arba'in da shi, kuma ba ƙarya ya yi maka ba.

Wanda zan ce ka guje masa gaba ɗaya shi ne ƙaramin nan mai zama a kan kunne, wanda sosonsa bai kewaye kunnen ba. Wannan kunnen kansa yake turawa baya ya haɗa shi da ƙafar gilashin ya matse, wallahi duk laushin sosonsa sai ka ji a jikinka, in ka cire za ka ga kunnen ya yi ja yana raɗaɗi. Kuma irinsa ne ya fi yawa a kasuwa don ya fi araha kuma yana naɗewa ya shiga jaka, ina kyautata zaton ma irinsa ne a hannunka yanzu. Ka nemi babba mai kewaye kunne duka, wanda kunnenka zai shige ciki ba ya taɓa komai, ka sa yatsa cikin kofin ka ji yana da zurfi.

Sai maganar soso, nan ne fa aikin yake. Akwai na fatar roba mai sheƙi, akwai na yadi mai laushi irin karammiski. Na fatar roban in soson cikinsa mai tauri ne ba ya lotsawa ya ba ƙafar gilashi wuri, dannawa kawai yake. Ga shi da zafin nan namu na bazara gumi yake tarawa, gilashin ya dinga zamewa yana saukowa kan hanci kana tura shi sama, bayan wani lokaci kuma fatar ta fara ɓarewa kana tsintar baƙin ɓurɓushi a wuyan riga da gefen fuska. Na karammiskin ya fi shan iska kuma ya fi haƙuri da mai gilashi, illarsa dai ƙura, lokacin hunturu sai kana cirewa kana wankewa da ɗan sabulu ka shanya a inuwa. In kuma na fatar za ka ɗauka, ka danna soson da babban yatsa ka saki, in ya dawo a hankali sannu sannu to irin soson nan ne mai bin siffar abin da ya taɓa shi, zai haɗiye ƙafar gilashin a cikinsa. In ya yi tsalle ya dawo nan take ko ka ji roba mai tauri a ƙasa, ajiye musu kayansu.

Akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Ƙafar gilashi in tana da kauri tana ɗaga soson ta bar 'yar kafa, ta nan amon ƙasa na sauti yake zurarewa, hayaniyar waje kuma ta shigo, ko da hedfon ɗin mai kashe hayaniya ne aikinsa raguwa yake. Gwada da kanka, kunna wani abu ka zare gilashin a hankali, za ka ji sautin ya cika. Abin da ya sa na damu da wannan shi ne mutum in ya ji sauti ya yi ƙasa sai ya ƙara murya, ga janareto na ruri a waje ya sake ƙarawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da babba zai saurara lafiya ita ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na awa 40 a mako, in ƙarar ta haura haka lokacin raguwa yake sosai. Ido na neman taimako kada kuma a je a taɓa kunne, don jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Kan nauyi ba zan ja ba, ka duba a jikin kwali. Ni daga giram 300 zuwa sama wuyana ke faɗa min. Sony WH-1000XM4 giram 254 ne, Bose QuietComfort 45 wajen 240, AirPods Max kuwa kusan 385 ne duk da tsadarsa. Amma nauyi bai kai matsi muhimmanci ba, mara nauyi mai matse kai ya fi mai ɗan nauyi da ya zauna sakwa-sakwa cutarwa. Beyerdynamic DT 770 Pro da 'yan situdiyo ke yawan amfani da shi da soson karammiski yake zuwa a nau'in om 80 da 250 (om ma'aunin juriyar lantarki ne, in lambar ta yi yawa ya fi wuyar turawa), sai dai in a waya za ka jona kar ka ɗau na 250, wayar ba za ta iya tura shi yadda ya kamata ba. HyperX Cloud II mai igiya akwai wanda ke zuwa da soso kala biyu a kwali, na fata da na yadi, ka zaɓi wanda ya yi maka. Su Turtle Beach ma har wani tsari suka yi mai suna ProSpecs, sun sassauta soson daidai inda ƙafar gilashi ke wucewa. Ban kawo sunayen nan don lallai sai su ba, na san halin da aljihu ke ciki, na kawo ne ka san me ake dubawa ko a masu arahar.

In za ka saya, don Allah ka je da ƙafarka da gilashinka a fuska. Ko Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja ko duk inda kake, ka roƙi mai shago ya bari ka sa, ka zauna da shi ko minti goma sha biyar ne kuna hira, ka juya kai hagu da dama, ka sunkuya kamar kana rubutu, ka motsa baki kamar kana tauna don nan ne matsin ke fitowa. In kana sa hula ka gwada da hular a kai, ita ma tana canza zaman sandar saman, haka 'yan'uwa mata masu karanta wannan su gwada a kan hijabi ko ɗankwalin da suka saba. In ka ga gilashin ya karkace ko ya ɗago daga kan hanci da ka ɗora hedfon ɗin, ba naka ba ne. Mai shagon da ya ƙi ka gwada, akwai na gaba da shi.

Wanda ke hannunka ma kar ka yi saurin jefarwa. Jera littattafai a tsaye su ɗan fi faɗin kanka kaɗan, ka buɗa hedfon ɗin a kansu ya kwana, matsin zai ragu, amma a hankali in sandar roba ce zalla don tana iya karyewa. Da yawansu kuma soson yana cirewa, ana samun na canji a intanet in ka rubuta lambar samfurin daidai. Dabarar da wasu ke yi ta ɗaga ƙafafun gilashi su ɗora a saman soso kuwa ban ba ka shawara ba, tana karkata gilashin gaba, in lambar idonka mai ƙarfi ce ko irin mai hawa biyu ne na nesa da na karatu, za ka rabu da ciwon kunne ka koma ciwon ido.

Gilashin kansa ma rabin matsalar ne. Firem mai kaurin ƙafa na roba da ake yayi yanzu shi ya fi wahalarwa, ranar da na koma mai siririyar ƙafa ta ƙarfe mai kwanciya a jikin kai, hedfon ɗin da nake kuka da shi ya zama lafiya lau. In lokacin canza gilashi ya yi ka tafi da hedfon ɗinka wurin masu yankawa ka gwada firem ɗin da shi, kuma ko na yanzu suna iya ɗumama ƙafar su gyara lanƙwasarta.

Iyafis na cikin kunne shi ba ruwansa da gilashi sam, in kunnenka na jure shi to magana ta ƙare, ka dai gwada robobin nan uku da ake sakowa a kwali ka ga wanda ya zauna, kuma ka dinga goge su. Ni ƙaiƙayi yake sa ni in ya daɗe. Akwai kuma irin na Shokz mai tura sauti ta ƙashin gaban kunne, ba nauyi ko kaɗan, amma maƙalinsa ta saman kunne yake bi inda ƙafar gilashi take, sai firem siriri suke zama tare, kuma a cikin hayaniya ba ka jin malami sosai.

Ka turo hoton gilashin naka ta gefe da na hedfon ɗin da kake amfani da shi, ka faɗi nawa ka ware, in sha Allahu zan duba in gaya maka ko canjin soso kawai zai wadatar ko sai an sayi sabo. Allah ya ƙara lafiya ya ba da sa'ar karatu.