Ga ƙaninmu mai tambaya kan kallon ƙwallon 'yan dagaji a Ingila

Wa'alaikumus salam ƙanina, barka da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na karanta tambayarka: ka iso Leeds watan jiya, ka nemi tikitin Firimiya ka tarar ko dai ya ƙare ko kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi, wani ɗan ajinku ya ce ka gwada ƙananan ƙungiyoyi, kai kuma kana gudun kada ka zubar da kuɗinka da ranar Asabar ɗinka a banza. Ka kuma tambayi yadda ake da sallah da abinci, da ko ana yi wa baƙar fata wani kallo. Shekarata tara a Bradford, tafiyar minti 20 da 'yan kai a jirgin ƙasa daga inda kake, kuma da wuya Asabar ta wuce ni ban leƙa wani fili ba in dai ba aiki ya riƙe ni ba.

Ka je. Amma kada ka je sau ɗaya ka yanke hukunci. Ka zaɓi fili guda, ka riƙa zama ko tsayawa a wuri guda har sau huɗu ko biyar, sannan ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Ga yadda tsarin yake a taƙaice. Firimiya tana da ƙungiya 20. Ƙarƙashinta akwai Championship da League One da League Two, kowanne 24, gaba ɗaya 92 ke nan. Mataki na 5 shi ne National League, daga nan sai abin ya rabu Arewa da Kudu, ya yi ta rassa har cikin ƙauyuka, kuma duk hawa da sauka ake yi. Ƙungiyoyin da ke rukunin 24 wasa 46 suke bugawa a kaka, ban da na kofuna, saboda haka wasa ba ya yankewa: Asabar ƙarfe 3 na rana, Talata 7:45 na dare. Wani abin da ya ba ni mamaki da na zo shi ne, wasan Firimiya na ƙarfe 3 da muke kallo a gidan kallo a Kano, a nan Ingila ba a nuna shi kai tsaye. Tun shekarun 1960 aka hana haska ƙwallo a talabijin daga 2:45 zuwa 5:15 na ranar Asabar, don kada mutane su zauna a gida su bar filayen garuruwansu wayam. Daga wannan kaɗai ka san matsayin ƙananan ƙungiyoyin nan a wurinsu.

Ni gidana Valley Parade ne, filin Bradford City, a unguwar Manningham. In ka sauka a tashar Forster Square, kada ka nemi mota, ka bi masu mayafin wuya mai launin jan garura da ruwan ɗorawa, cikin minti 15 kun isa. A gefen tudu aka gina filin, cikin gidajen mutane, ba ka ankara sai ka gan shi ya tsaya maka a ƙarshen layi. Yana cin mutum wajen 25,000, ka ga ke nan ba kowace ƙungiyar ƙaramin rukuni ce ke da ƙaramin fili ba. Ka isa da awa guda. Ka sayi ɗan littafin wasa na ranar, akwai sunayen 'yan wasa da lambobinsu a bangon baya, zai taimake ka tunda ba ka san kowa ba tukuna. Sannan kafin ka shiga ka tsaya a allon tunawa da ke jikin filin, ka karanta sunayen da ke kai.

Ranar 11 ga Mayu 1985, Bradford tana bikin cin kofin rukuni na uku, suna wasa da Lincoln City, gobara ta tashi a babbar rumfar katako da shara ta taru a ƙarƙashinta. Cikin 'yan mintoci ta cinye rumfar, mutum 56 suka mutu, biyu daga cikinsu magoya bayan Lincoln ne, da yara da tsofaffi a ciki. Dattijon Baturen da ke zaune kusa da ni tun kakata ta biyu yana filin a ranar. Sai da muka shekara uku muna gaisawa kafin ya faɗa mini, shi ma a jimla biyu, ya mayar da idonsa kan wasa. Wannan dattijo shi ne dalilin da ya sa nake ce maka ka riƙe wuri guda. Zuwana na farko bai ce mini uffan ba. Na uku ya ɗaga mini kai. Na biyar ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya, ya ce ai ya ga Okocha da idonsa lokacin yana Bolton. Yau in na yi fashin wasa biyu, sai ya tambayi na kusa ko lafiya nake. Kakansa ne ya fara kawo shi filin, shi kuma yanzu da jikarsa yake zuwa. A wurinsa na ji labarin yadda suka je wasan ƙarshe na League Cup a Wembley a 2013 suna mataki na 4, bayan sun fitar da Arsenal da Aston Villa, Swansea ta ci su 5 da nema amma ba su daina waƙa ba, da yadda suka je Stamford Bridge a Janairun 2015 Chelsea ta Mourinho ta fara cin su 2, suka farke suka tashi 4 da 2. 'Yan Chelsea na zauren nan ku yi haƙuri, haka aka yi.

Abin da na gani da idona kuwa shi ne ranar 3 ga Mayu 2025, wasan ƙarshe na kaka da Fleetwood. Dole Bradford ta ci kafin ta hau League One kai tsaye, bayan shekara 6 a League Two. Minti 90 ya cika babu ci, wasu har sun dafe kai, sai a cikin ƙarin lokaci aka buga wata ƙwallo ta taɓa Sarcevic, ɗan wasan Bradford, ta shige raga. Ban san lokacin da na rungume dattijon nan ba, yana kuka ina kuka, mutane suka kwarara cikin fili. Na yi ihu a gidan kallo ba adadi saboda ƙungiyoyin da ban taɓa taka garinsu ba, amma ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina ranar ba.

Idan kuma kana son ka ga asalin abin, sai ka ƙara sauka. The Shay a Halifax tana da wurin tsayuwa a bayan raga, matakalar siminti da ƙarfen jingina, irin wanda aka cire a manyan filaye bayan turmutsutsun filin Hillsborough da ke Sheffield na 1989 da ya ci rai 97. Nethermoor a Guiseley, kusa da kai sosai a jirgi, ya fi haka ƙanƙanta, filin kurket ne ma a maƙwabtaka da shi. A irin waɗannan wurare tsakaninka da layin fili bai fi taku uku ba. Kana jin mai tsaron gida yana tsara 'yan bayansa, kana jin ƙarar haɗuwar ƙafa da ƙafa, kana jin numfashin ɗan wasan da ya zo yin jifa a gabanka. In ƙwallo ta fita kai ne za ka miƙa masa. Mai tuta yana jin duk abin da aka faɗa masa, wani lokaci ma ya juyo ya ba da amsa. Babu VAR, wato sake duba wasa ta bidiyo, in an ci an ci, sai murna. A mataki na 6 da na 7, in ba a raba magoya baya ba, ana tafiya hutun rabin lokaci sai ka ga jama'a sun yi musayar gefe, kowa ya koma bayan ragar da ƙungiyarsa za ta kai wa hari, suna giftawa da juna ba ko harara. Mai karɓar kuɗi a ƙofa, da mai dafa shayi, da mai sanarwa a lasifika, yawancinsu aikin sa kai suke yi. 'Yan wasan ma da yawa suna da sana'arsu, wani mai gyaran famfo ne, wani malamin makaranta, sai da yamma su zo atisaye.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙwallon ba za ta kai wadda ka saba gani a talabijin kyau ba. Akwai doguwar ƙwallo da yawa, akwai ƙarfi, akwai ranar da za a tashi babu ci cikin ruwan sama ka rasa abin da za ka ba da labari. Amma kada ka raina su. A The Shay ɗin nan Jamie Vardy ya buga a kakar 2010 zuwa 2011, bayan ya baro Stocksbridge inda yake haɗa ƙwallo da aikin masana'anta, daga nan ya tafi Fleetwood, Leicester ta saye shi fam miliyan 1 a 2012, ya ɗauki Firimiya a 2016, shekarar da Ahmed Musa ya je ya same shi a can. Ademola Lookman ya buga League One da Charlton kafin Everton ta ɗauke shi, Joe Aribo kuma daga wata ƙaramar ƙungiya, Staines Town, ya fito.

Kuɗin shiga a League One da League Two yana farawa daga wajen fam 20, a mataki na 6 da na 7 kuwa daga wajen fam 10, kuma wurare da yawa suna yi wa ɗalibai ragi, saboda haka ka tafi da katin makarantarka. Ka riƙe 'yan tsabar kuɗi ko da za a buƙata.

Batun sallah, lokacin sanyi ne ke buƙatar lissafi. A Disamba rana tana faɗuwa a nan wajen 3:45, la'asar kuma tana shiga tun kafin ƙarfe 2. Ni abin da nake yi, in yi azahar da la'asar kowacce a lokacinta a ɗaya daga masallatan Manningham, suna da yawa, in shiga fili da alwalata. Magariba sai ta faɗo daidai hutun rabin lokaci. Ka je wurin masu kula da 'yan kallo, masu riga mai ƙyalli, ka ce kana son wurin sallah. Wasu filaye suna da ɗaki na musamman, Blackburn ma har sallar idi aka yi a kan ciyawar Ewood Park a 2022. A ƙananan filaye kuwa an taɓa buɗe mini ɗakin ajiyar kaya, an taɓa nuna mini lungu mai tsabta, ba a taɓa hana ni ba. Ka sa 'yar sallaya mai naɗewa a aljihun rigar sanyinka.

Abinci kuma ka yi hattara. Abin da aka fi ci shi ne pai, wato nama a cikin ɓawon fulawa, da wani romon naman shanu mai zafi da ake kira Bovril. Naman ba yankanmu ba ne, wani ma na alade ne. Ka nemi pai na cuku da albasa, ko ka tsaya a shayi. Ko soyayyen dankali ne ka tambayi man da aka soya shi, domin a yankin Yorkshire wasu da kitsen shanu suke suya. In a Bradford ne, ka bar cikinka har a tashi, ka taka zuwa Lumb Lane, gidajen abincin halal na 'yan Pakistan suna nan a jere. Giya kuwa akwai ta, ba zan ce maka babu ba. Daga Firimiya zuwa mataki na 5 dokar 1985 ta hana shan ta a inda ake ganin fili, sai a lungunan ciki, amma ƙasa da nan a wurare da yawa za ka ga mutum da kofinsa a bakin layi. Ka matsa inda iyalai da yara suke. Za kuma a zagayo da tikitin ƙuri'a da ake raba kuɗinsa rabi ga kulob rabi ga wanda ya ci. Wannan caca ce, ni ba na saye, sai in jefa abin da ya sawwaƙa a bokitin gudummawa, kuma ba wanda ya taɓa ɓata rai.

Maganar wariya, gaskiya sau ɗaya na gani ƙiri-ƙiri, a wani filin da muka je baƙunta. Wani mutum ya jefa wa ɗan wasa baƙar fata mummunar kalma, ina tsaye ba nisa. Jikina ya yi sanyi, na ji kamar ni aka zaga. Amma kafin in motsa, 'yan garinsu ne suka taso masa, wata mata ta kira masu tsaro, aka fitar da shi. Zagin alƙalin wasa da ashar kam za ka sha ji, wannan ba kai ake nufi ba. Abin da zai jawo maka rigima shi ne ka saka jesin wata ƙungiya, musamman ta Leeds a Bradford, ko ka yi murnar cin baƙi kana zaune cikin 'yan gida.

Sai sanyi. Tsayuwar awa biyu a kan siminti a watan Janairu ba irin hunturun Kano ba ce, ta tafin ƙafa yake shiga. Safa biyu, takalmi mai kaurin ƙasa, safar hannu, hula mai rufe kunne. Kuma kafin ka fito ka duba shafin kulob, domin ƙanƙara ko ruwa suna sa a ɗage wasa da safiyar ranar.

Duk ranar da na shiga ƙaramin fili a nan, filin Pillars na Sabon Gari nake tunawa, lokacin da yayana yake riƙe hannuna muna kutsawa, ga masu gyaɗa da rake, ga ganga, ana Sai Masu Gida. Abin da ke ci mini rai shi ne muna da irin wannan a gida, a Kano da Kaduna da Bauchi da Katsina, amma da yawanmu mun fi sanin benci na Arsenal a kan 'yan wasan unguwarmu. Da na je hutu bara, na ja yaran yayana muka je kallon wasan ƙaramin rukuni, sun tafi suna gunaguni, sun dawo suna gardamar wane ne ya fi iya taka leda.

Ka duba jadawali ka ga Asabar ɗin da Bradford take gida a watan nan, ka yi mini magana ta akwatin saƙo. In Allah ya kai mu sai mu haɗu a Forster Square ƙarfe 1, mu yi sallah a Manningham, in gabatar da kai ga dattijon.