Faifai ɗaya tsakanin Windows, Linux da Mac

Ɗan'uwa, ka ce faifanku na waje yana yawo tsakanin kwamfutoci uku, wasu fayiloli na ɓacewa, wani lokacin Linux ta ƙi barin ka rubuta komai. Na biyun da sauƙi: Windows tana da saitin saurin tashi mai suna Fast Startup, idan ka kashe kwamfutar ba ta sakin faifan NTFS (tsarin ajiyar fayiloli na Windows) gaba ɗaya, sai Linux ta buɗe shi don karatu kawai. Kashe wannan saitin.

Ɓacewar kuma, duba sunaye. A ext4, tsarin ajiyar fayiloli na Linux, Rahoto.txt da rahoto.txt fayiloli biyu ne, a Windows kuwa ɗaya ne. Ka kwafe su tare a Windows, ɗaya ya danne ɗaya, ko sallama babu.

Za a ce maka ka koma tsarin ajiya na exFAT tunda duka ukun suna rubutu a kai. Gaskiya ne, amma ba ta ajiye izinin mai fayil, kuma cire kebul ana tsakiyar rubutu yana iya lalata ta. Ni dai da ni ne, na haɗa faifan da na'ura guda, a raba fayilolin ga sauran ta manhajar Samba da ƙa'idar raba fayiloli ta SMB3, a rufe tsohuwar SMB1 da muguwar manhajar WannaCry ta bi a 2017. In dole sai ya yi yawo, kulle shi da VeraCrypt, manhajar ɓoye bayanai, ko da zai ɓata.